Ruwan da Ya Fara Taɓa Na'urata

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon nazari kafin su faɗo mini. Amma abin da ya same ni a gidanmu na Ƙofar Kwaya, a bazarar da mahaifinmu ya rasu, wannan kam ba na jin zai fita daga raina har ranar da ni ma za a ɗauke ni a makara.

A lokacin ina karatun digiri na uku a wata ƙasar Turai mai ɗan karen sanyi. Abin da nake karantawa kuwa, in na faɗa wa mutumin Katsina sai ya dube ni sau biyu, wai jirgin ruwa. Ni ɗin da har na yi gemu ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan unguwarmu girma ba. Ba ma jirgin gaba ɗaya nake karanta ba, wani ɗan abu ne a jikinsa. In jirgi yana tafiya a teku, ruwan da ke shafar cikinsa da gefunansa yana riƙe shi yana jan sa baya, kamar yadda za ka ji in ka sa hannu a randa ka juya da sauri. Wannan jan ruwan shi ke cinye mai yawa daga man da jirgi yake sha, balle in gansakuka da ƙananan halittun teku sun manne a jikin ƙarfen. Jiragen da ke nutsewa su yi tafiya a ƙarƙashin teku abin ya fi damunsu, don su duk jikinsu a ruwa yake. To masu ƙera jirage suna so su san ƙarfin jan nan a kowane sashe, don su san fentin da za su shafa da siffar da za su ba jirgin. Ni aikina shi ne in ƙera 'yar na'urar da za a manna a jikin jirgi ta riƙa aunawa.

Duk girmanta bai kai farcen babban yatsa ba. A tsakiyarta akwai wani ɗan faifai da bai fi ƙwayar riɗi ba, yana rataye a kan ƙafafu huɗu da suka fi silin gashi siranta, ƙarƙashinsa da 'yar tazarar da ido ba ya gani. In ruwa ya shafe shi ya wuce sai ya ɗan gusa, na'urar ta mayar da gusawar nan lantarki, sai ka ga wani layi a fuskar kwamfuta yana hawa yana sauka. Shekaru na yi ina fama da ita. Na ƙera da yawa, wasu suka fashe, wasu suka ƙone, wasu kuma suka yi shiru haka kawai kamar an yi musu laifi. Guda ɗaya tak ta tsira. Abin da ya rage shi ne a lulluɓe ta da wata siririyar fata da za ta hana ruwa shiga ƙarƙashin faifan, sannan a gwada ta a wani dogon tankin ruwa da ke wata ƙasa maƙwabciya, inda ake jan samfurin jirage ana auna su. Shiga tankin nan layi ake bi, kuma mun daɗe muna jira kafin a sa mana rana. In na rasa ranar sai wata shekarar, tallafin karatuna kuwa ba zai kai wata shekarar ba.

Ina tashar jirgin ƙasa, na'urar tana cikin ɗan akwatinta a jakar da ke rataye a kafaɗata, zan tafi garin da tankin yake in fara shirye-shirye, sai ga wayar ƙanwata. Tun daga yadda ta yi sallama na san ba lafiya ba. Baba ya faɗi a rumfarsa ta Babbar Kasuwa yana auna wa wani yadi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na kira malamin da ke duba aikina, wani dattijo marar yawan magana, na gaya masa. Ya ce in tafi gida, akwai sauran 'yan makonni kafin ranar gwajin, in na dawo za mu matse shirye-shiryen. Tunda ba lokacin mayar da akwatin, in tafi da shi, amma in kula da shi kamar ƙwayar idona.

Ban samu jana'iza ba, dama na san ba zan samu ba. Ina sararin sama aka sallaci mahaifina aka rufe shi. Da na iso Katsina abin da na tarar shi ne tabarmi a ƙofar gida da takalman mutane jere a gefen bango.

Ya kamata in faɗi wane ne Baba a wurina, don a gane irin ramin da na faɗa. A duk danginmu shi kaɗai ne yake tambayata aikina. Ba wai yana ganewa ba ne, mutumin da rayuwarsa duk a kan shadda da atamfa ta ƙare. Amma duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya kira ni, bayan doguwar gaisuwa ya ce, “To ya jirgin namu?” Sai in zauna in yi ta zuba masa bayani, ƙafa kaza ta karye, layi kaza ya ƙi motsi, shi kuwa yana ta “To, to, ikon Allah.” A ƙasar da nakan wuni ban yi Hausa da kowa ba, wannan wayar ita ce abin da nake jira tun daga Asabar.

Inna kuwa daban. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun tasowata ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama hira da ni, in tana da magana sai ta bi ta kan ƙanwata ko da ina tsaye a gabanta: “Ki ce ma yayanki abincinshi na nan.” Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma sanin abu da kai bai hana zuciya jin sanyinsa. In na kira gida daga Turai, gaisuwa ce kawai take haɗa mu, ita ma ƙanwata ce ke isar da rabinta. Ban taɓa jin ta tambayi abin da nake yi a can ba.

Haka na zauna zaman makoki cikin mutane kamar baƙon da ya ɓata hanya. Ana gaishe ni, ana yi wa Baba addu'a, ina amsawa. In an ɗan samu sarari sai wani dattijo ya karkato ya ce, “Halan kai ne aka ce shina tuƙin jirgin ruwa?” In ce, “A'a Baba, ba tuƙi nake ba, wata na'ura ce nake…” Kafin in kai ƙarshe sai a ji sallamar wasu sababbin masu ta'aziyya, a ɗaga hannu a yi fatiha, maganar ta bi iska. Wani taubashina kuwa, ɗan ƙanwar Baba, ya samu abin yi. Kyaftin ya raɗa mini, kuma sunan ya bi ni har cikin gida. “Kyaftin, don Allah in ka gama ka kawo muna jirgin nan,” in ji shi, “in damina ta sauka mu riƙa ɗaukar hwasinja daga nan zuwa kasuwa. Ai ya hi acaba lahiya.” Mutane su yi dariya, ni ma in yi, don taubashi ba a fushi da shi. Amma ranar Juma'ar farko da aka sauko daga masallaci, sai na tsinci kaina riƙe da waya ina dubanta, na ma manta cewa mai kiran yana maƙabarta.

Bayan addu'ar bakwai mutane suka watse. 'Yan ƙauye suka koma, aka naɗe tabarmi, gidan ya rage daga ni sai Inna da ta shiga takaba, sai ƙanwata da mijinta ya bar ta ta ɗan zauna da ita. A ɗakin Baba aka sauke ni. Hulunansa na nan a kan kabad, carbinsa a rataye a ƙusa, ɗakin duk ƙamshin turarensa. Zafin bazara ya kai inda ya kai, ga wuta ba ta zama. Yawancin wunin a kwance nake yi ina kallon silin, ina jin motsin Inna a tsakar gida, tsakaninmu bango ɗaya, amma ba mai abin da zai ce wa wani.

Abokiyar hirata ɗaya ita ce na'urar. Da safe kafin rana ta yi zafi nakan rufe taga, in wanke hannu in goge shi tas, in buɗe akwatin in jona ta da kwamfuta. Saboda tsananin jin motsinta, ko iska ce ta shafi faifan sai ya gusa. Sai in tsaya daga nesa in ɗan hura iska ta gefe a hankali, in ga layin ya yi tsalle ya dawo. Da na ga haka sai hankalina ya kwanta, in ce to, tana da rai. Wauta ce, na sani, amma a kwanakin nan ita kaɗai ce abin da in na yi wa magana yake amsawa.

Wata safiya ina cikin haka ƙanwata ta ɗaga labule za ta tambaye ni abin da zan ci da rana. Ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙo, ta riƙe haɓa.

“Yaya, wai wanga ɗan mitsitsin abu ne ya raba mu da kai shekara da shekaru?”

Na ce shi ne. Ta ce in nuna mata yadda yake yi. Kai, ban san ina jin yunwar a tambaye ni ba sai a lokacin. Na yi mata bayanin jirgi da jan ruwa, da jiragen da ke tafiya a ƙarƙashin teku, da faifan da ƙafafunsa. Na hura iska layin ya yi tsalle, ta yi dariya ta tafa hannu kamar yarinya. Ta bayan kafaɗarta ina hango Inna zaune a kan tabarma a inuwar rumfa, ta ba mu gefe, tana jan carbi.

“To ya taɓa shiga tekun?” in ji ƙanwata.

Na ce, “Ina fa. Ko ɗigon ruwa bai taɓa taɓa ta ba tukuna. Sai na koma.”

Na buɗe baki zan gaya mata dalili, cewa sai an lulluɓe ta tukuna, sai ga sallamar wasu mata daga zaure, masu ta'aziyyar da suka makara. Ƙanwata ta saki labule ta ruga shimfiɗa musu tabarma. Ni ma na rufe akwatina, maganar ta tsaya a nan kamar yadda duk maganganuna suke tsayawa a gidan.

Ana gobe zan tafi na fita tun da hantsi. Na fara zuwa maƙabarta, taubashina ya nuna mini kabarin ya koma gefe, ranar ko sau ɗaya bai ce mini Kyaftin ba. Na yi wa Baba addu'a, na daɗe a tsugune. Daga nan na wuce Babbar Kasuwa in yi wa maƙwabtan rumfarsa godiya da ban gajiya. Rumfar tana rufe da kwaɗo. Wani abokinsa mai sayar da shadda ya kama hannuna ya ƙi saki, ya ce, “Ai mu duk mun san aikinka. Kullum Alhaji sai ya ce muna ɗanshi shina auna ƙarhin ruwa a Turai. Har mun gaji da ji.” Na yi murmushi, na yi musu sallama da sauri don kada su ga idona. Na ƙi hawa abin hawa, na tako da ƙafa cikin ranar nan har gida, ina ratsa garin da aka haife ni, ba wanda na tsaya muka yi magana.

Bayan la'asar na shiga ɗaki na tarar an share shi, an gyara shimfiɗa, kayana da aka wanke an goge an ninke su a kan jaka. Ga kwanon sha a rufe da faifai a gefen gado. Ƙishirwa ta ishe ni, na ɗaga na shanye ruwan tas. Sannan na juya wajen akwatin don in duba na'urar dubawar ƙarshe kafin in sa ta a jaka. Yana nan inda na bar shi, sai dai maɓallinsa yana kallon bango, ni kuwa kullum ɗaki nake barin sa yana kallo.

Tun kafin in buɗe na san an taɓa shi. Da na buɗe na sa ɗan madubin ƙara girma, sai na ga wani farin zobe a kan na'urar, irin shatin da ruwa ke bari in ya bushe. Na jona ta da kwamfuta. Na hura iska. Layin yana kwance. Na sake hurawa, na matso kusa na hura da ƙarfi, abin da ban taɓa yi ba. Ko gezau bai yi ba.

Ba sai an gaya mini abin da ya faru ba, don shi ne abin da muke tsoro fiye da komai a ɗakin gwaji. In ruwa ya shiga 'yar tazarar nan kafin a lulluɓe na'urar, yayin da yake bushewa sai ya jawo faifan ƙasa ya manne shi da gindinsa, kamar yadda jiƙaƙƙiyar takarda ke mannewa a jikin tire. In ya manne kuwa ya manne ke nan, ba allurar da za ta ɗaga shi ba ta karya ƙafafun ba. A zafin Katsina na bazara, bushewar ba za ta ɗauki lokacin shan shayi ba. Na zauna a bakin gadon Baba ina kallon layin nan a miƙe. Shekarun da na yi cikin sanyi, bukukuwan Sallar da na yi ni kaɗai a ɗaki, jana'izar ubana da ban samu ba, duk ga su nan a kwance a tafin hannuna ba su da wani amfani.

Sai wani irin fushi ya taso mini. Na ɗauka 'ya'yan masu zuwa ta'aziyya ne suka shiga suka yi wasa da ita, ko kuma ƙanwata ce garin goge-goge. Na banko labule na fito tsakar gida, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa a gidan nan ba.

“Wa ya shiga ɗakin nan? Wa ya taɓa mini akwati?”

Ƙanwata ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ido waje. “Wallahi Yaya shara kawai na yi, sai kaya da ruwan sha da na aje maka. Ko kusa da shi ban je ba.”

Inna tana zaune a inda take zama, cikin mayafinta na takaba. Ba ta ɗago ba, ba ta dube ni ba. Ta juya wajen ƙanwata ta yi magana a hankali, muryarta ba alamar tsoro, har da ɗan jin daɗi irin na wanda ya yi abin kirki yana so a sani.

“Ki ce ma yayanki ni na shiga.”

Ta ci gaba, har yanzu ƙanwata take kallo.

“Rannan na ji shina hwaɗa maki ruwa bai taɓa taɓa abin ba. Ni ko na ce, abin da za a jehwa cikin wannan uban ruwa, wanda ba a san mi ke cikinshi ba, ai gara ruwan da zai hwara taɓa shi ya zama mai albarka. Zamzam ɗin nan da Alhaji ya zo da shi shekarar da ya sauke hwarali, kin san ya raba shi biyu, ya ce rabi a yayyahwa ma likkahwaninshi, rabi a aje mani don nawa likkahwanin. An yi mashi da nashi. To nawa na ɗauko. Na yi mashi tohi, na ɗiga mashi da ɗan yatsa a hankali, ban bari ya ji ciwo ba. Sauran na juye cikin ruwan shan da kika kai ma yayanki.”

Ƙanwata ta saki ludayin. “Inna, duka? To ke hwa, ranar da…”

“Ni ƙasa za ni, ƙasar da na sani,” in ji Inna. “Shi ko ruwa za shi. Da babanku shina nan, shi ke yi mashi addu'ar aikinshi. Yanzu ba kowa sai ni.”

Maganar tana bakina, a shirye, kalma biyu ce kawai: ta lalace. Gaskiya ce, kuma ina da haƙƙin faɗinta. Amma sai idona ya sauka a kan hannunta, ɗan yatsan nan da ya sha wanke-wanke da surfe, na hango ta ita kaɗai a ɗakin mijinta da ya mutu, ta sunkuya a kan abin da ba ta san sunansa ba tana lallaɓa shi don kada ya ji ciwo. Ashe duk shekarun nan da nake zuba wa Baba bayani a waya, tana gefe tana ji. Ashe ta san akwai wata addu'a da ake yi mini wadda yanzu ta tsaya, har ta nemi yadda za ta cike gurbin da abin da take da shi. A gaskiya ban taɓa jin baƙin ciki da ƙauna sun haɗu sun rufe ni lokaci guda irin na yammacin nan ba.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, “Na gode, Inna. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma.”

Ta gyara mayafinta ta ce wa ƙanwata, “Ki ce mashi Allah Ya kai shi lahiya, Ya ba da sa'a.”

Na koma ɗaki na saki labule. Tun da aka yi rasuwar ban yi kuka ba, ko a maƙabarta hawaye ne kawai suka taru suka koma. Ranar na yi shi mai isata, na cusa fuskata a matashin Baba don kada a ji. In ka tambaye ni wanne nake wa kukan, na'urar ko Baba ko Inna, ba zan iya raba maka su ba. Washegari da safe na yi sallama. Mai takaba ba ta fita, don haka iyakarta bakin ƙofar da ke shiga zaure, ta tsaya a nan ta ba ni gefe har na fice.

Da na koma, malamina ya sa na'urar a ƙarƙashin babban madubi, ya daɗe yana dubawa. Ya ɗago ya tambaye ni me ya same ta. Na ce ruwa ne ya taɓa ta. Ya ce wane irin ruwa. Na ce ruwan gida. Ya cire tabarau ya murza ido, bai ƙara tambayata komai ba, kuma har yau ina gode masa a kan wannan shirun. Ranarmu ta tanki aka ba wasu. Tallafina ya ƙare kamar yadda na sani zai ƙare. Na samu aikin jera kaya a wani kanti, in yi shi da safe, da yamma in wuce ɗakin gwaji in fara ƙira daga farko. Abokan da muka fara tare suka gama suka watse, na rage ni kaɗai a bencinmu, sanyi ya zo ya wuce ya sake dawowa. Ba zan yi ƙarya ba, akwai ranakun da nakan tuna abin in ji zuciyata ta yi ɗaci, in ce da ma ta tambaye ni. Sai kuma in tuna cewa tambayata ita ce abu ɗaya da tarbiyyarta ba ta ba ta hanyar yi ba.

Duk sanda muka yi waya da ƙanwata kuwa, kafin mu yi sallama sai ta ce, “Inna ta ce in tambaye ka, abin ya shiga ruwan?” In ce, “Ki ce mata tukuna, layi ake bi.” Sai in ji muryarta daga nesa tana cewa Allah Ya kawo lokacin. Ita dai a saninta abin nan da ta yi wa tofi yana nan a ajiye yana jiran ranarsa.

Ranar ta zo bayan shekara guda da wasu watanni, da wata sabuwar na'ura. Aka lulluɓe ta, aka manna ta a cikin samfurin jirgi, aka sauke shi a tankin. Injin tankin ya fara jan sa, ruwa ya tsage, ni kuwa ba jirgin nake kallo ba, idona na kan kwamfuta. Layin ya ɗaga. Aka ƙara gudu ya ƙara ɗagawa, aka rage ya sauko, daidai yadda lissafi ya ce. Malamina ya dafa kafaɗata, ma'aikatan wurin suka yi mini barka suka tafi cin abincin rana. Na rage ni kaɗai a wannan dogon gini, ba abin da ake ji sai ruwan yana bugun bango yana lafawa. Na ciro waya na kira ƙanwata, aka yi sa'a tana gida wajen Inna. Na fara gaya mata, sai na ji 'yar hayaniya, wayar ta koma wani hannun.

“Ya shiga?” Muryar Inna ce, kuma da ni take.

Na ce, “Ya shiga, Inna. Ya yi aiki.”

“Bai nutse ba?”

“Bai nutse ba.”

“Alhamdu lillahi,” ta ce. “Dama na san ba zai ba ka kunya ba.”

Ban gyara mata ba a ranar, ban kuma gyara mata ba har Allah Ya karɓi abarSa bayan wasu shekaru. Ta tafi tana da yaƙinin cewa abin da ta ɗiga wa ruwa da ɗan yatsanta shi ne ya shiga tankin ya fito lafiya. Ƙanwata ma sai bayan rasuwar na gaya mata gaskiya, muka zauna muka yi kuka tare.

Abin da wannan lamari ya koya mini shi ne, na daɗe ina auna kusancina da mutane da yadda suka gane abin da nake yi, shi ya sa nake ganin ni kaɗai ne a duniya. Ashe mutum zai iya kasa gane komai a aikinka, ya kasa ko kiran sunanka, amma ya ɗauko abu mafi daraja da ya mallaka ya ba ka saboda aikin nan. In irin wannan mutumin ya yi maka ɓarna, ka riƙe bakinka, don aiki ana sake shi. Ni dai na sake na'ura, na ma ƙera waɗanda suka fi ta. Amma uwar da za ta juye ruwan likkafaninta a kan abin da ba ta san kansa ba, don kawai nawa ne, ita ce har yau ban san inda zan samo wata ba.